Sarkin Ingila Edwad na Bakwai (1841–1910)

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci tarihin zuwan Turawa ƙasar Hausa zai ci karo da sunan Gwamna Lugga da hafsoshinsa, amma ba kasafai ake ambaton sarkin da aka yi yaƙin da sunansa ba. Wannan sarki shi ne Edwad na Bakwai, wanda ya riƙe sarautar Ingila daga 1901 zuwa 1910. Bai taɓa taka ƙasar Nijeriya ba, amma a cikin waɗannan shekaru tara ne Daular Sakkwato ta faɗi, aka ƙone Satiru, aka kuma shata iyakar da ta raba Hausawa gida biyu. Wannan babi zai duba rayuwarsa da yadda zamaninsa ya shafi ƙasar Sakkwato, musamman yankin Boɗinga da Shagari.

2.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Edwad a birnin Landan ranar 9 ga Nuwamba, 1841. Shi ne babban ɗa namiji ga Sarauniya Biktoriya, don haka tun yana jariri aka naɗa shi Yariman Wels, wato sarautar mai jiran gado. Iyayensa sun tsananta masa wajen karatu, har ya zauna a jami'o'in Oksfod da Kambirij, sai dai hankalinsa ya fi karkata ga hulɗa da jama'a da tafiye-tafiye da sukuwar dawaki. Ya auri Gimbiya Alekzandira ta Denmak a 1863.

Bayan rasuwar mahaifinsa a 1861, mahaifiyarsa ta ƙi sakar masa harkokin mulki, domin tana ganin ba shi da natsuwa. Saboda haka ya zama wakilin gidan sarauta a ƙasashen waje. Ya ziyarci Kanada da Amurka a 1860, Masar da Ƙudus a 1862, sannan Indiya a 1875 zuwa 1876, inda ya nuna rashin jin daɗinsa kan wulaƙancin da wasu jami'an Turawa ke yi wa 'yan ƙasa.

3.0 Hawansa Gadon Sarauta

Sarauniya Biktoriya ta rasu ranar 22 ga Janairu, 1901, Edwad ya gaje ta yana da shekara 59. An shirya bikin naɗinsa a watan Yuni na 1902, amma ciwon ciki da ya kai ga tiyata ya sa aka ɗage shi zuwa 9 ga Agusta. Ya tarar da ƙasarsa cikin yaƙi da Turawan Bowa, 'yan asalin Holan, a Afirka ta Kudu, yaƙin da bai ƙare ba sai a watan Mayu na 1902.

Yana da muhimmanci ɗalibi ya fahimci cewa sarautar Ingila ta bambanta da irin wadda Bahaushe ya sani. Majalisa da firayim minista ne ke yanke shawara, harkar ƙasashen da aka mallaka kuma tana hannun Ofishin Mulkin Mallaka. Sarki kuwa nasa suna ne da hatimi, sai ba da shawara.

4.0 Zamaninsa a Ƙasar Sakkwato

Tun 1 ga Janairu, 1900 Lugga ya shelanta mulkin Ingila a Lakwaja, amma mafi yawan yaƙe-yaƙen a zamanin Edwad aka yi su. An ci Bida da Kwantagora da Yola a 1901, Bauchi a 1902, Kano kuma ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Daga Kano rundunar ta nufo yamma, ta haɗu da wata da ta taso daga Argungu a garin Shagari, sannan suka tunkari Sakkwato. Ranar 15 ga Maris aka gwabza a Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira zuwa gabas da ɗimbin jama'a, ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli. A gurbinsa aka naɗa Muhammadu Attahiru na Biyu. Daga nan ya zama ƙa'ida sarakuna su yi rantsuwar biyayya ga Sarki Edwad da wakilinsa, muddin umarnin bai saɓa wa addininsu ba.

Talakawa ba su yi wannan rantsuwa ba. Satiru ƙauye ne da ke kudu da Sakkwato, tsakanin ƙasashen Boɗinga da Danchadi da Dange da Shuni, inda malamai da talakawa da bayin da suka gudu suka taru a kan aƙidar Mahadiyanci. Ranar 14 ga Fabrairu, 1906, ƙarƙashin Malam Isa da Ɗan Makaho, suka fatattaki sojan doki na Turawa da gatura da fartanyu da kibau, suka kashe Turawa uku, ciki har da muƙaddashin Razdan, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Ranar 10 ga Maris aka dawo da babbar runduna tare da mayaƙan Sarkin Musulmi, aka shafe garin. An ƙiyasta waɗanda aka kashe da kimanin 2,000. Kisan ya tayar da hankalin wasu a Landan, ciki har da Winston Churchill, ƙaramin ministan mulkin mallaka na lokacin, amma Sarkin Musulmi ya sami lambar girma da sunan Sarki Edwad saboda goyon bayan da ya bayar.

5.0 Edwad da Iyakar Nijeriya da Nijar

Inda hannun Edwad ya fi fitowa fili shi ne sasanta Ingila da Faransa. Ziyarar da ya kai Faris a watan Mayu na 1903 ta sanyaya zukatan Faransawa, ta share fagen yarjejeniyar 8 ga Afrilu, 1904. Kafin nan, yarjejeniyar 1898 ta bai wa Ingila duk ƙasar da ke cikin mil 100 daga Sakkwato ta fuskar arewa, abin da ya tilasta wa Faransawa bin hamada marar ruwa in za su Damagaram. Sabuwar yarjejeniyar, da wadda ta ƙarfafa ta a 1906, ta turo iyakar kudu, Birnin Ƙonni da Maraɗi suka faɗa ɓangaren Faransa. Wannan ne ya sa a yau Hausar Nijar ke aro daga Faransanci, ta Nijeriya kuma daga Ingilishi.

6.0 Rasuwarsa

Edwad ya rasu ranar 6 ga Mayu, 1910 yana da shekara 68, bayan fama da ciwon ƙirji. Ɗansa Joji na Biyar ya gaje shi, a zamaninsa ne kuma aka haɗe Arewa da Kudu a 1914.

7.0 Kammalawa

A Turai ana tuna Edwad a matsayin mai sulhu, a ƙasar Sakkwato kuwa zamaninsa shi ne na Giginya da Burmi da Satiru. Bai ba da umarnin waɗannan yaƙe-yaƙe da bakinsa ba, amma da sunansa aka yi su, aka kuma halatta su. Ya kamata malamin da zai koyar da wannan tarihi ya gabatar wa ɗalibansa da fuskokin biyu, ya kuma koya musu rarrabewa tsakanin mai riƙe da sarauta da masu riƙe da iko.