Dokta Jeanette Troup, Likitar Jankwano da Zazzaɓin Lassa

Babu gidan da bai taɓa jin sunan zazzaɓin Lassa ba a ƙasar nan, amma kaɗan ne suka san likitar da ta fara tsayawa a kan wannan cuta tun ba ta da suna. Ita ce Dokta Jeanette Troup, Ba'amurkiya, wadda aka haifa a 1923. Ta zo Nijeriya a ƙarƙashin mishan ta SIM, ta yi aiki a Jos, a asibitin Evangel wanda mutanen gari suke kira Jankwano, da kuma asibitin Bingham inda ake jinyar ma'aikatan mishan.

A watan Janairu na 1969, wata dattijuwar nas mai suna Laura Wine ta kwanta ciwo a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu, inda take aiki a asibitin mishan ɗin da ya haifi ikilisiyar EYN. Abin ya fara kamar ba komai: zazzaɓi, ciwon baya, da miki a maƙogwaro. Aka ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, aka yi mata allurar penisilin, duk a banza. Da jiki ya tsananta, sai aka ɗauko ta a jirgin sama zuwa Jos, hannun Dokta Troup. Kashegari ta rasu.

Ba a jima ba sai Charlotte Shaw, nas ɗin da ta yi jinyarta, ita ma ta kwanta. Akwai ɗan rauni a yatsanta sa'ad da take goge bakin mara lafiyar. Ta rasu a watan Fabrairu.

A nan ne halin Dokta Troup ya bayyana. A ƙasar da zazzaɓi iri-iri yake kashe mutane kullum, abu mafi sauƙi shi ne a ce taifot ne ko shawara, a rufe magana. Ita kuwa ta ga alamun ba su dace da wata cuta da ta sani ba, ta kuma ƙi yi wa kanta ƙarya. Ta rubuta yadda ciwon ya bi da kowace, rana bayan rana. Ta ɗebi jini ta adana. Sa'an nan ta yi abin da ya fi kowanne nauyi a zuciya: ta buɗe gawar Charlotte Shaw, abokiyar aikinta, domin ta ga ɓarnar da cutar ta yi a ciki. Babbar nas Lily Pinneo, wadda ake kira Penny, ita ta taimaka mata. Bayan kamar mako guda, Penny ma ta kamu.

Aka kai Penny Legas, daga can zuwa birnin New York a watan Maris, tare da jini da sassan jikin da Dokta Troup ta tanada. Penny ta sha wuya makonni da yawa, amma ta tashi.

Dalilin aika waɗannan abubuwa nesa haka shi ne, ƙwayar cuta irin ta bairus ba kamar bakteriya take ba. Madubin da ake duba jini da shi a asibiti ba ya ganinta, ba ta kuma tsiro sai a cikin halitta mai rai. A Jami'ar Yale, masana Jordi Casals, Sonja Buckley da Wilbur Downs suka zuba jinin a kan ƙwayoyin ƙodar biri da ake renonsu a kwalba, suka ga ƙwayoyin suna lalacewa. Suka gwada abin da ya tsiro da ɗimbin bairus da aka riga aka sani, bai yi daidai da ko ɗaya ba. Sabuwa ce, aka sa mata sunan garin Lassa. Sai dai samun bairus a kwalba rabin aiki ne. Dole a nuna cewa ita ce take kwantar da mutum, a kuma san kamannin ciwon da take kawowa. Wannan kuwa ba ya samuwa sai daga wanda ya tsaya a bakin gadon mara lafiya, kuma rubuce-rubucen Dokta Troup ne suka cike wannan gurbi.

Cutar ba ta bar masu binciken ba. Casals ya kamu a watan Yuni na 1969, aka ƙara masa ruwan jinin Penny, wanda yake ɗauke da garkuwar da jikinta ya yi, ya kuwa rayu. A ƙarshen shekarar wani ma'aikacin ɗakin binciken ya mutu, sai aka mayar da aikin zuwa hukumar CDC a Atlanta.

Har zuwa lokacin, ana iya zaton ciwon Turawan mishan ne kawai. Farkon 1970 ya kawar da wannan zato. Zazzaɓin ya ɓarke a Jankwano tsakanin 'yan ƙasa: majinyata, masu jinya da ma'aikata. Mutum 28 suka kamu, 13 suka mutu. Dokta Troup ta gane alamun da ta gani bara, amma tana bukatar tabbaci. Ta san sarai abin da ya sami Charlotte da Penny, duk da haka ta sake shiga binciken gawa. A ƙarshen Janairu, tana cikin aikin, wuƙa ta yanke ta a yatsa. Ta ci gaba da duba marasa lafiya har zazzaɓin ya kayar da ita. Ta rasu ran 18 ga Fabrairu, 1970, tana da shekara 46, aka binne ta a Miango. Penny Pinneo ta komo Nijeriya ɗauke da ruwan jininta, amma ba ta tarar da ita da rai ba.

Wani zai ce ganganci ne, kuma gaskiya ne cewa yau ba likitan da zai yi irin wannan aiki ba tare da cikakken kayan kariya ba. Amma dokokin kariyar da ake bi yanzu, daga irin waɗannan mace-mace aka koyo su.

Rahotannin farko a kan zazzaɓin Lassa sun fito a wata mujallar likitoci ta Amurka a 1970, da sunanta a cikin marubutan, bayan ta riga ta kwanta dama. A 1972, a ƙasar Saliyo, masu bincike suka sami bairus ɗin a jikin wani ɓera mai nonuwa da yawa, wanda yake shiga gidaje da rumbuna yana barin fitsari da kashi a kan abinci. A 1986 aka nuna cewa maganin ribavirin yana taimakawa idan an fara shi da wuri. Har yanzu babu allurar rigakafin da aka amince da ita, cutar kuma tana tasowa kowane rani a jihohi irin su Edo, Ondo, Bauchi da Taraba. Asibitin Jankwano kuwa shi ne ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham.