Kanar Ibrahim Taiwo: Kano ta karrama shi, Asaba na tuhumarsa

Duk wanda ya san Fagge da Sabon Gari ya san Titin Ibrahim Taiwo, amma ba kowa ya san mai sunan ba.

Soja ne, Bayarabe haifaffen Wushishi. Murtala Muhammad ya naɗa shi gwamnan Jihar Kwara a 1975, kuma rana ɗaya aka kashe su, 13 ga Fabrairun 1976, a yunƙurin juyin mulkin Dimka. Da wannan mutuwar Arewa ke tunawa da shi.

A Asaba kuwa, labarin daban ne. Lokacin yaƙin basasa yana cikin rundunar Murtala da ta kama garin a Oktoban 1967. Ranar 7 ga watan, sojoji suka bindige ɗaruruwan maza fararen hula. Wasu da suka tsira sun ce shi ya ba da umarnin, kodayake ba a taɓa gurfanar da shi ba.

Bayan Biyafara ta miƙa wuya a 1970, hukuma ta ja bakinta ta yi shiru. Mutanen Asaba ne suka hana maganar mutuwa. Emma Okocha, wanda ya rasa mahaifinsa a kisan, ya wallafa Blood on the Niger a 1994, sannan a 2017 garin ya yi taron cika shekara 50.