ERASMUS, MUTUMIN DA YA TSAYA TSAKANIN ZAMANI BIYU

A wannan wata muna so mu ba ku labarin wani malami na ƙasar Holan, sunansa Erasmus. An haife shi a birnin Rotterdam wajen shekara ta 1466. Tun yana saurayi annoba ta kashe uwarsa da ubansa, sai masu riƙonsa suka matsa masa ya shiga gidan zuhudu. A 1492 aka naɗa shi firist.

Kafin mu gane aikinsa, sai mu san irin zamanin da ya tashi a ciki. Shekaru ɗaruruwa mutanen Turai suna ganin duniya wurin wahala ce kawai, ɗan'adam kuwa ƙura ne mai jiran shari'a. Da Latinanci a ke sujada, da shi kuma a ke karanta Littafi Mai Tsarki, talaka kuwa ba ya jin wannan harshe. Saboda haka mai neman gafara ya kan tafi ziyara kaburburan tsarkaka, ko ya sayi takardar sassaucin hukunci. Akwai masu tsoron Allah na gaske a cikinsu, amma yawancin jama'a ba su da abin da za su gwada koyarwar da a ke ba su.

Sa'an nan wata farkawa ta ilimi ta taso daga Italiya. Malamai suka shiga neman tsofaffin littattafan Helenawa da na Romawa, suna koyar da cewa Allah ya yi mutum da daraja, ya ba shi hankali domin ya yi aiki da shi. Wajen 1450 kuma Gutenberg ya fara buga littattafai da inji a Jamus, har littafi ya yi araha.

Erasmus ya bar gidan zuhudu, ya yi karatu a Faris. A 1499 ya ƙetare zuwa Ingila, ya sadu da John Colet, wanda ya ke bayyana wasiƙun Bulus a fili, ba tare da gardandamin malaman dā ba. Abin ya kama zuciyarsa ƙwarai. Ya ga lalle sai ya iya Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, ya kuwa duƙufa a kansa ko da ya ke yana fama da talauci. Ya zauna a Italiya daga 1506 zuwa 1509, daga baya ya koyar a Kambrij. A 1511 aka buga littafinsa mai suna Yabon Wauta, inda ya yi wa 'yan zuhudu marasa ilimi da shugabanni masu son dukiya ba'a.

Babban aikinsa ya fito a 1516 a birnin Basel: Sabon Alkawari cikin Helenanci, da sabuwar fassararsa ta Latinanci a gefe. Ba a taɓa fitar da irinsa ga jama'a ba. Burinsa shi ne a juya Bishara cikin kowane harshe, mata su karanta, manomi da masaƙi su san ta a bakin aikinsu. Daga wannan littafi Martin Luther ya yi fassararsa ta Jamusanci a 1522, William Tyndale kuma ta Ingilishi a 1526.

Amma ƙarshen ransa bai zama da sauƙi ba. Da Luther ya tashi a 1517, mutane suka zaci Erasmus zai bi shi. Ya ƙi, gama yana son gyaran Ekklesiya, amma yana ƙin tsaguwa da yaƙi. A 1524 ya rubuta cewa mutum yana da 'yancin amsa alherin Allah ko ya ƙi shi. Luther ya amsa masa da zafi a 1525, yana koyar da cewa zunubi ya ɗaure nufin mutum, alheri kaɗai ke kwance shi. Mabiyan Luther suka ɗauki Erasmus matsoraci, mutanen Roma kuwa suka zarge shi da kunna wutar. Ya rasu a Basel cikin watan Yuli, 1536. A 1559 Paparoma Bulus na Huɗu ya hana karanta littattafansa duka.

Mu da muka sami Littafi Mai Tsarki dukansa cikin Hausa a 1932, muna cikin waɗanda suka girbe abin da ya shuka. Ya yarda cewa talaka yana da hankalin da zai gane Maganar Allah, ya ba da ƙarfinsa domin ta kai gare shi. To, ga ta a hannunmu. Kada mu bar ta cikin akwati gara ta ci. Bari wanda ya iya karatu ya karanta kullum, ya kuma koya wa ɗan'uwansa da bai iya ba.