Ernest Codman: Likitan ƙashi da ya wallafa kurakuransa da hannunsa

A zamanin da babu mai tambayar likita abin da ya samu majinyacin da ya yi wa tiyata, wani likita a birnin Boston na Amurka ya buga rahoto da kuɗin aljihunsa. A ciki ya jera majinyata 337 da aka sallama daga asibitinsa tsakanin 1911 da 1916, ya kuma lissafa kurakurai 123 da aka tafka wajen jinyarsu.

Sunansa Ernest Amory Codman. Wannan hali nasa ya jawo masa asarar muƙami da abokai da dukiya. Amma shi ne ya kafa rajistar masu sankarar ƙashi, wadda ita ce rajistar cutar kansa ta farko a Amurka, kuma har yau likitocin ƙashi na ambaton sunansa a bakin aiki.

Tasowarsa

An haifi Codman ranar 30 ga Disamban 1869, a gidan masu hali da asali a Boston. Ya yi karatun likitanci a Jami'ar Harvard, ya kammala a 1895, sannan ya kama aiki a babban asibitin Massachusetts General.

Tun yana ɗalibi aka ga alamar inda ya dosa. A lokacin, ɗalibai ake bari su shaƙa wa majinyaci maganin sa barci, kuma akan rasa rai a wurin. Shi da abokinsa Harvey Cushing, wanda daga baya ya shahara a tiyatar ƙwaƙwalwa, sai suka fara rubuta bugun jini da numfashin majinyaci a takarda yayin da ake aiki. Daga nan takardar da masu sa barci ke cikewa a ɗakin tiyata ta samo asali.

Da aka gano hasken ɗaukar hoton ƙashi a Jamus a 1895, Codman na cikin na farko da suka yi aiki da shi a Boston. Ya kuma yi rubutu kan ƙunar da hasken ke yi wa fata.

Kati ɗaya ga kowane majinyaci

Ra'ayin da ya cinye rayuwarsa ba shi da wuyar fahimta. Yana ganin wajibi ne asibiti ya bi sawun duk wanda ya yi wa magani har a tabbatar ko ya warke. Idan bai warke ba, a binciko dalili, don kada a maimaita.

Kowane majinyaci yana da kati. A kai ake rubuta abin da ya kawo shi, cutar da likita ya zata, aikin da aka yi, matsalar da ta biyo baya, da halin da yake ciki bayan aƙalla shekara guda.

Ya kuma karkasa dalilan rashin nasara: ƙarancin ƙwarewar hannu, kuskuren yanke shawara, gazawa wajen gano cuta, sakaci ko rashin kayan aiki. Ya ware gurbi ga cutar da ta fi ƙarfin magani, da majinyacin da ya ƙi bin shawara.

Inda gizo ke saƙar shi ne, Codman ya dage a bayyana sakamakon ga jama'a, a kuma riƙa yi wa likita ƙarin girma bisa yawan waɗanda suka warke a hannunsa. A Massachusetts General kuwa, daɗewa a aiki ce ke kai mutum sama.

Ganin ba za a saurare shi ba, a 1911 ya buɗe ƙaramin asibitinsa mai gadaje 12 a unguwar Beacon Hill. A 1914 ya ajiye aiki a babban asibitin, sannan ya rubuta takardar neman a naɗa shi shugaban likitocin tiyata, bisa hujjar cewa sakamakon aikinsa ya fi na saura. Ba a ba shi ba.

Zanen jiminar da ya tayar da ƙura

A Janairun 1915 ya jagoranci wani taron likitoci a Boston kan ingancin asibitoci. Ana dab da tashi sai ya yaye wani ƙaton zanen barkwanci: jimina ta cusa kanta cikin rairayi, tana harbo ƙwayayen zinare ta baya, likitoci na cafewa.

Jiminar tana wakiltar attajiran birnin da ke biyan kuɗin tiyata ba tare da sun tambayi sakamako ba. Zanen bai ƙyale shugabannin asibitin da na Harvard ba.

Wasu sun fice a fusace, jaridu suka ɗauki labarin. Aka tilasta masa sauka daga shugabancin sashen tiyata na ƙungiyar likitocin yankin, abokan aiki kuma suka rage turo masa majinyata.

Hausawa kan ce laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Codman da nasa ya fara. Rahoton da ya ƙunshi kurakuran nan 123 shi ya aika wa asibitoci, yana ƙalubalantarsu su yi irinsa. Ba su yi ba.

A Disamban 1917 wani jirgin ruwa maƙare da makamai ya tarwatse a Halifax ta Kanada, mutum kusan 2,000 suka mutu. Codman ya bar asibitinsa ya tafi kai ɗauki, daga nan ya shiga aikin likitan soja. Ya dawo gida da bashi a wuya, asibitin kuma bai sake tashi ba.

Sai dai ra'ayin nasa ya riga ya shiga ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka, wadda aka kafa a 1913, kuma yana cikin waɗanda suka assasa shirinta na tantance asibitoci. A binciken farko, asibitoci 89 kacal cikin 692 suka cika mafi ƙarancin sharuɗɗa. Abin kunyar ya kai aka ƙona jerin sunayen don kada ya faɗa hannun 'yan jarida.

Rajistar sankarar ƙashi

Bayan dawowarsa, an kawo masa wani majinyaci da ake zaton yana da sankarar ƙashi. Codman ya nemi sanin wane magani ne ya taɓa ceton irin waɗannan majinyata, sai ya tarar babu wata amsa mai tushe.

Dalili kuwa, cutar ba ta da yawa. Likita na iya shekaru bai ga fiye da mutum ɗaya ko biyu ba, kuma kowa da sunan da yake kiran ƙarin da ya gani.

Da gudummawar kuɗi daga iyalan majinyacin, ya haɗa kai da masana binciken cututtuka biyu, James Ewing na New York da Joseph Bloodgood na Baltimore. A farkon shekarun 1920 suka kafa rajistar, ƙungiyar likitocin tiyata ta rungume ta.

Ana buƙatar likita ya aiko da tarihin majinyaci, da hoton ƙashinsa, da ɗan yankin ƙarin da aka shirya don dubawa a madubin likita. Sai a zagaya da kayan wurin masana, kowa ya faɗi ra'ayinsa, a kuma ci gaba da bibiyar majinyacin.

Sakamakon ya girgiza likitoci. Da yawa daga cikin waɗanda ake alfaharin an warkar, bincike ya nuna tun asali ba sankarar ƙashi ke damunsu ba. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin nau'in da ya fi yawa yakan kama matasa ne a kusa da gwiwa, kuma maganin wancan zamani shi ne yanke ƙafa. Kuskuren suna na iya raba yaro da ƙafarsa a banza.

A 1925 Codman ya fitar da littafi da ya daidaita sunayen ire-iren ƙarin ƙashi. Har yau, idan ƙari ya ɗaga tantanin da ke lulluɓe da ƙashi, ya bar wata alama mai kusurwa uku a hoto, da sunan Codman ake kiranta. Akwai kuma wani ƙarin guringuntsi mara yaɗuwa da ya bayyana a 1931, wanda shi ma ake jingina masa.

Sauyin gaske ya zo ne a shekarun 1970, lokacin da aka haɗa tiyata da magungunan kashe ƙwayoyin kansa. A da, cikin mutum biyar da ƙyar ɗaya ke tsira. Yanzu kusan biyu cikin uku na waɗanda cutar ba ta bazu a jikinsu ba suna rayuwa, kuma sau da yawa akan cire ɓangaren ƙashin a maye shi da gwiwar ƙarfe maimakon yanke ƙafar. An kai ga haka ne ta hanyar tara bayanai daga asibitoci da yawa da bibiyar majinyata, wato tafarkin da rajistar ta shimfiɗa.

Ƙarshen rayuwa

A 1934 ya buga littafinsa kan kafaɗa mai suna The Shoulder, wanda ya yi bayani kan yagewar jijiyoyin kafaɗa da sandarewarta. Motsa jikin da ake koya wa mai ciwon kafaɗa, inda zai sunkuya ya bar hannunsa yana lilo, shi ma sunansa yake ɗauke da shi.

Codman ya rasu ranar 23 ga Nuwamban 1940 a Ponkapoag da ke jihar Massachusetts, sakamakon kansar fata. Shi da matarsa Katharine ba su haihu ba, kuma bai bar wata dukiya ba. An binne tokarsa a maƙabartar Mount Auburn babu ko dutsen shaida.

Shekara 11 bayan rasuwarsa, shirin tantance asibitocin ya rikiɗe zuwa hukumar Joint Commission, wadda ke tantance asibitocin Amurka har yau. Zaman da likitoci ke yi a asibitocin koyarwa don bitar mace-mace da matsalolin da suka biyo bayan aiki, shi ma yana da tushe a ra'ayinsa.

Sai a 2014 ƙungiyoyin likitoci suka haɗa kuɗi suka kafa masa dutse a kabarinsa, shekara 74 bayan mutuwarsa.