Philip de László: Ɗan tela mai zanen sarakuna

An haifi Philip de László ne a birnin Budapest na ƙasar Hungary a 1869. Mahaifinsa tela ne mai ƙaramin ƙarfi.

Ya yi suna a 1900, bayan da ya zana hoton Fafaroma Leo na 13. A 1907 ya koma Landan da zama, daidai lokacin da John Singer Sargent ke jingine sana'ar zanen masu hannu da shuni.

Nan da nan iyalan sarauta suka karkata gare shi. Cikin waɗanda ya zana har da Lord Curzon.

Sai dai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya jefa shi cikin tsaka mai wuya. Duk da cewa ya zama ɗan Birtaniya a 1914, an tsare shi a 1917 bisa zargin hulɗa da abokan gaba, saboda wasiƙu da kuɗin da yake aika wa danginsa a Hungary.

An wanke shi a 1919, martabarsa kuma ta dawo. A 1933 ya zana Gimbiya Elizabeth, wadda daga baya ta zama Sarauniyar Ingila.

Ya rasu a Landan a 1937.