Michael Faraday: Ɗan Maƙeri da Ya Fitar da Lantarki Daga Maganaɗisu

Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 1824 wani Baturen Birtaniya mai yawon ƙasa, Kyaftin Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin tsarabar da ya miƙa akwai kamfas, watau ƙwayar allurar maganaɗisu wadda kullum take nuna arewa. Baturen ya rubuta cewa Sarkin Musulmi ya yi murna da ita, musamman da ya ji za ta taimaka wajen gano gabas lokacin salla. A wannan zamani kuwa, can birnin Landan, akwai wani mutum da ya duƙufa yana binciken sirrin wannan allura. Sunansa Michael Faraday, kuma tarihinsa ne za mu kawo a taƙaice, domin duk janareta da injin niƙa da fanka da ke aiki yau a Arkilla, a kan bincikensa aka gina su.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Faraday ranar 22 ga Satumba, 1791, a wata unguwa da ke kudancin Landan. Mahaifinsa maƙeri ne mai fama da rashin lafiya, gidansu kuwa gidan talauci ne. Iyakar karatun da ya samu shi ne koyon karatu da rubutu da ɗan lissafi. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai a shagon wani mai suna George Riebau, ya yi shekara bakwai a nan. Littafin da aka kawo masa ɗinki sai ya karanta shi tukuna, ta haka ya fara sanin lantarki da kimiyyar haɗa sinadarai.

A 1812 ya halarci laccoci huɗu na shahararren masanin nan Humphry Davy a cibiyar bincike da ake kira Royal Institution. Ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke shi littafi, ya aika wa Davy tare da neman aiki. A watan Maris na 1813 aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje. A ƙarshen shekarar ya bi Davy zuwa Faransa da Italiya, ba su komo ba sai 1815. Tafiyar ta haɗa shi da manyan masana, amma ya sha wulakanci, gama matar Davy bara ta ɗauke shi.

Maganaɗisu da Lantarki

Kafin mu ci gaba ya kamata mu san abin da aka riga aka sani. Maganaɗisu, ko mayen ƙarfe, yana da kai biyu, na arewa da na kudu. Kai iri ɗaya suna ture juna, mabambanta kuwa suna jan juna. Ko an karya shi biyu, kowane gutsure zai sake samun kansa biyu. Ita kanta duniya babban maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas take juyawa arewa. Masana sun daɗe suna ɗaukar maganaɗisu da lantarki abubuwa ne daban, har 1820, sa'ad da Hans Christian Oersted na ƙasar Danmak ya lura cewa in lantarki na bin waya, allurar kamfas da ke kusa takan karkace. Ashe lantarki mai tafiya yana haifar da ƙarfin maganaɗisu.

A watan Satumba na 1821 Faraday ya kafa sandar maganaɗisu a tsakiyar kwano mai zaiba, ya rataya waya ta taɓa zaibar, ya haɗa da batir. Nan da nan wayar ta shiga kewaya sandar ba tsayawa. Wannan ne karo na farko da aka mai da lantarki juyi mai ɗorewa, kuma shi ne asalin motar da ke juya fanka da famfon rijiyar burtsatse.

Daga nan wata tambaya ta hana shi sakat: in lantarki na haifar da maganaɗisu, shin maganaɗisu ba zai haifar da lantarki ba? Sai bayan shekara goma ya sami amsa. Ranar 29 ga Agusta, 1831, ya naɗa waya biyu a kan zoben ƙarfe, kowace a gefenta, ba su taɓa juna. Ya haɗa ta farko da batir, ta biyu da ma'aunin lantarki. Allurar ma'aunin ta motsa lokacin da ya haɗa batir, ta sake motsawa lokacin da ya cire, amma tsakanin nan ko gezau. A watan Oktoba ya zura sandar maganaɗisu cikin naɗin waya, ya ga haka nan: in sandar na motsi lantarki ya zo, in ta tsaya ya ɗauke. Sai ya gane cewa sauyin ƙarfin maganaɗisu ne ke haifar da lantarki.

Duk wanda ya taɓa hawan keke mai fitilar dainamo ya ga wannan ƙa'ida. Taya na juya maganaɗisu kusa da naɗin waya, in ka ƙara gudu fitila ta ƙara haske, in ka tsaya ta mutu. Haka abin yake a madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968, sai dai can ruwan Kwara ne ke yin juyin. Zoben nan nasa kuwa shi ne kakan taransifomar da muke gani a bakin titi.

Ra'ayinsa da Halinsa

Faraday bai san zurfin lissafi ba, don haka da ido yake tunani. Ya barbaɗa garin ƙarfe a takarda bisa maganaɗisu, ya ga ya jeru layi-layi daga kai zuwa kai. Ya ce waɗannan layuka na ƙarfi suna nan a sarari ko ba a gan su ba. Masana da yawa ba su karɓi ra'ayin ba, har James Clerk Maxwell ya zuba shi cikin lissafi, ya nuna a 1865 cewa haske kansa igiyar lantarki da maganaɗisu ne. Daga nan aka sami hanyar rediyo.

Ɗaukakarsa ba ta zo da sauƙi ba. Malaminsa Davy ya yi adawa da shigarsa ƙungiyar masana ta Royal Society, amma aka zaɓe shi a 1824. Daga baya sau biyu ana ba shi shugabancinta yana ƙi. Mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, mai gudun tara dukiya. Da gwamnati ta nemi shawararsa kan yin makamin guba a yaƙin Kirimiya, ya ƙi sa hannu. Ya kuma yi suna wajen koyar da yara kimiyya cikin sauƙin harshe. Tun daga 1839 mantuwa ta fara damunsa. A 1858 Sarauniya Biktoriya ta ba shi gida a Hampton Court, inda ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1867. Shi da matarsa Sarah Barnard ba su sami haihuwa ba.

Kammalawa

Akwai darasi a nan ga mu ɗaliban Hausa. Faraday ya shiga kimiyya ne saboda ya tarar da littattafanta cikin harshen da ya tashi da shi. Yaron da ke koyon naɗin wayar janareta a Arkilla yana aiki da ƙa'idar 1831 kullum, amma da wuya ya sami littafin da ya bayyana masa ita da Hausa. Rubuta irin wannan littafi aiki ne da ya rataya a wuyanmu tare da 'yan'uwanmu na sashen kimiyya.