CHARLES DICKENS: YARON DA BASHI YA RABA DA MAKARANTA

Duk wanda ya ɗan taɓa karatun Turanci, da wuya a ce bai ji sunan Charles Dickens ba. Amma ba kowa ya san irin wuyar da ya sha ba kafin sunansa ya fito. To, ga labarinsa a taƙaice, gama akwai abin lura a ciki ga duk mai shirin zama malamin makaranta.

An haife shi a Portsmouth, wani gari na bakin teku a Ingila, ran 7 ga Fabrairu, 1812. Shi ne na biyu cikin 'ya'ya 8. Ubansa, John Dickens, akawu ne a ofishin biyan sojan ruwa albashi. Albashinsa ba laifi, amma mutum ne mai sakin hannu, kullum abin da ya ke kashewa ya fi abin da ya ke samu. A wancan zamani kuwa dokar Ingila ita ce, wanda ya kasa biyan bashi a kulle shi. A 1824 aka sa uban a kurkukun Marshalsea a Landan, matarsa da ƙananan 'ya'yan suka bi shi can suka zauna.

Charles yana da shekara 12 a lokacin. Aka kai shi wani gidan da a ke yin baƙin man goge takalma, yana manna takardun suna a jikin tukwanen man, wajen awa 10 kowace rana, a ba shi sule 6 a mako. Bayan 'yan watanni aka saki uban, amma uwar ta so yaron ya zauna a bakin aikin. Wannan abu ya tsaya masa a rai har tsufansa. Ya ɓoye labarin, jama'a ba su ji ba sai bayan rasuwarsa, sa'ad da abokinsa John Forster ya rubuta tarihinsa.

Daga baya ya koma makaranta, amma yana da shekara 15 ya fita, ya zama ɗan akawu a ofishin lauya. Bai yi sanyi ba. Ya koya wa kansa rubutun gaggawa irin na alamomi, har ya zama mai ɗauko wa jaridu labarin majalisar dokoki. A 1836 ya fara Pickwick Papers, ana buga shi kashi-kashi, wata-wata, kowane kashi sule guda. Da fari ɗaruruwa kaɗai a ke bugawa, kafin ya ƙare a 1837 kuwa ana sayar da wajen 40,000 a wata. Dabarar ke nan da ta kai littafi hannun talaka, gama wanda ba ya iya sayen littafi sukutum yana iya fid da sule. Shi kuma Dickens ya iya tsai da labari daidai inda mai karatu zai ƙagara watan gobe ya zo.

Daga nan bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta manyan littattafan hikaya 15, ban da gajerun labarai da mujallun da ya shugabanta. Abin da ya gani da idonsa shi ya zuba a ciki. Oliver Twist ya tona asirin gidajen da hukuma ta ke tara matalauta da marayu tana ba su abincin da ba ya ƙosarwa. A 1838 ya tafi Yorkshire da kansa ya dubo makarantun kwana inda a ke jibge yara ana dūkansu da barinsu da yunwa, sa'an nan ya rubuta Nicholas Nickleby. Cikin David Copperfield ya saka ƙuruciyarsa a ɓoye. Hard Times na 1854 kuwa ya zargi irin koyarwar nan ta ɗura wa yaro hadda kamar ana cika tulu.

Shi ma ɗan Adam ne, ba a rasa shi da aibi. Ya auri Catherine Hogarth a 1836, ta haifa masa 'ya'ya 10, amma a 1858 ya rabu da ita, har ya kai maganar jarida, abin da ya ɓata wa abokansa da yawa rai. Tun daga shekarar nan ya shiga yawon karanta wa jama'a littattafansa a manyan ɗakunan taro, har Amurka ya je a 1867. Ya sami kuɗi ƙwarai, amma jikinsa ya raunana. Ya rasu ran 9 ga Yuni, 1870, yana da shekara 58, bai gama littafinsa na ƙarshe ba. Aka binne shi a Westminster Abbey, inda a ke binne manyan Ingila.

'Yan'uwa, nan gaba kaɗan kowannenmu za a ba shi aji. A cikinsa ba za a rasa yaron da zai daina zuwa ba, don kuɗin makaranta ya gagara, ko don an tura shi talla ko gona. Kada mu soke sunansa daga rajista mu yi shiru. Mu bi sawu, mu je gidan, mu ga uban. Dickens ya sami mai mai da shi aji, shi ya sa har yau a ke karanta shi. Waɗanda suka yi manne-mannen nan tare da shi fa, wa ya san abin da Allah ya ajiye a kawunansu?